Hannun da Ikrima Bai Miƙa Ba

Na san Ikrima tun yana zanen goyo, domin katanga ɗaya ce ta raba gidana da na mahaifinsa a cikin tsohon garin Daura. Ita ma katangar, mahaifin nasa ne ya gina ta. Mahaifin, Malam Sada, magini ne irin na da, na tubali da azara, kuma abokina ne tun muna yara, ko da yake hanyarmu ta rabu da wuri. Shi ya bi ubansa kan gini. Ni aka kai ni makarantar Mishan can wajen Katsina, na fito malamin asibiti, na yi ta ba da magani da wanke gyambo har na yi ritaya. Har ya tsufa bai daina kirana Ɗan Mishan ba. Ni kuma Ƙadangare nake ce masa, saboda yadda yake hawa bango.

'Ya'yansa maza biyu ne. Lawal shi ne babba, mai faram-faram da jama'a, ya kama fatauci tsakanin Daura da Kongolam, Allah kuma ya buɗa masa. Ikrima shi ne ƙarami, marar yawan magana. Mahaifiyarsu, Larai, ta rasu yana sakandare, shirun nasa ya ƙaru. Abin da na fi tunawa game da ƙuruciyarsa shi ne yadda yake kallon tafiyar mutane. Yakan zauna a dakalin ƙofar gidana, ya hango mutum tun daga bakin layi ya ce, "Baba Kabo, ga Maharazu mahauci can. Ƙafarsa ta hagu ba ta son ƙasa yau." In Maharazu ya iso, sai ka ji yana ƙorafin gwiwa.

Da ya gama sakandare ya tafi Kano ya karanta aikin gashin ƙashi, wato gyaran gaɓoɓi da motsa jiki. Bai tsaya a asibiti ba. Jami'a ta riƙe shi yana koyarwa yana bincike, kuma abin da ya zaɓa ya bincika ya ba mutanen unguwarmu dariya: faɗuwar tsofaffi. Ni ban yi dariya ba. A shekarun da na yi ina aiki, na ga tsofaffin da aka kawo mana a amalanke da karayar ƙugu, na kuma san waɗanda ba a kawo ba sun fi yawa. Tsoho ya zame a bakin rijiya, a kwantar da shi, daga nan sai labarin jana'iza.

"Baba," ya ce mini, "a asibiti sai tsoho ya karye muke ganinsa. Ni so nake in riga faɗuwar isa wurinsa."

Ya dawo Daura da wannan aiki 'yan shekaru bayan an dawo da Shari'a a jiharmu, lokacin da wa'azi ya cika rediyo da bakin kasuwa. Kayan aikinsa ba su da yawa: babur, agogon hannu, da wata kujerar katako marar hannuwa da yake ɗaurewa a baya da igiyar roba. Yakan fita da safe zuwa ƙauyukan Baure, wata rana na Mai'adua. Ya nemi izinin masu gari, suka ba shi zaurukansu. Wata ma'aikaciyar jinya tana shiga gidaje wajen tsofaffin mata, shi kuma yana tara maza da hantsi. Abin da yake son ganewa shi ne, idan tsoho ya lizimci wasu 'yan motsi tun daga rani har damina ta wuce, shin faɗuwarsa za ta ragu a kan ta wanda bai yi ba?

Na taɓa bin sa wani ƙauye kusa da Baure. Motsin ba su da wuya a ido. Mutum ya tsaya kusa da bango ya ɗaga ƙafa ɗaya. Ya yi tafiya diddige na taɓa yatsu, kamar mai bin kan katanga. Babba a cikinsu shi ne tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba. Ikrima yakan ce, "Ja ƙafafunka baya, su shiga ƙarƙashinka. Sunkuyo gaba har hancinka ya wuce yatsun ƙafarka. To, tashi."

Tsofaffin sun mayar da abin wasa. Wani dogo mai furfura ya ce, "Likitan tashi-zauna, ni da na yi huɗa tun ubanka bai yi kaciya ba, yau ni za ka koya wa tashi?"

"To, Baba, nuna mini."

Ya yunƙura, ya koma daɓas. Zauren ya ɗauki shewa.

"Kujerar ce gajera!" in ji shi.

"Jiya ma da ka faɗi a bayan rumbu, kujerar ce?" wani ya jefo daga lungu.

A nan na lura da ƙa'idar aikinsa. Idan tsoho yana fama da tashi, Ikrima yakan matso dab da shi, gwiwarsa a shirye don tarewa, amma hannuwansa a baya. Ba ya ɗaga kowa. A hanyar dawowa na tambaye shi, ya ce, "In na ɗaga shi, Baba, ƙafata ce ta yi ƙarfi. Tasa tana nan yadda take."

Maganar ta tuna mini da wata Baturiya mai jinya a asibitin Mishan, wadda takan tashi marar lafiya ta sa shi tafiya tun ɗinkinsa bai bushe ba. Mun ɗauke ta muguwa a lokacin. Ta kuma tuna mini da Daurar da na tashi a ciki, inda tsoho yake zama a ƙasa ya tashi sau da yawa a yini, ya taka zuwa gona, ya taka zuwa kasuwa, don babu babur ɗin da zai ɗauke shi. Yanzu kujerun roba sun cika ko'ina, kuma ɗan kirki shi ne wanda bai bar ubansa ya ɗauki ko buta ba.

A ƙauye an yarda Ikrima ya ɓoye hannunsa, domin baƙo ne, kuma likita suke ce masa. Ba wanda ya haife shi a cikinsu.

Cikin wannan damina Malam Sada ya faɗi. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan soraye bai taɓa subucewa ba, a tsakar gidansa ya faɗi. Lawal, don ya kyautata wa mahaifinsa, ya sa an shimfiɗa tayil mai sheƙi daga ƙofar ɗakin tsohon har banɗaki. Aka yi yayyafi, Sada ya fito alwalar La'asar, ƙafa ta tafi. Mai ɗori ya duba ya ce babu karaya. Ikrima ya kai shi asibiti aka ɗauki hoto, nan ma aka ce buguwa ce kawai. Ciwon ya warke da wuri. Tsoron ne bai warke ba.

Gidan ya rufu a kansa da ƙauna. Aka mayar da katifarsa ƙasa. Ruwan alwala a kawo masa, tuwo a kawo masa, sallah a zaune. In ya motsa zai tashi, mutum biyu sun riga sun kama shi ta hammata. Ina zuwa gaishe shi ina ganin ƙwaurinsa yana sirancewa kamar kara.

Ikrima ya yi ta roƙon yayansa. Na ji su wata rana a zaure.

"Yaya, ku bar shi ya riƙa gwadawa da kansa. In aka ci gaba a haka, kafin rani ba zai ƙara tsayawa ba."

"Muna raye Baba zai yi ta nishi yana dafa bango?" in ji Lawal. "Me muka yi ke nan a duniya? Kai ka je ka yi wa na ƙauye, a rubuta maka a jami'a."

Duk da haka Ikrima yakan shiga ɗakin da safe kafin ya fita, ya rufe ƙofa, ya zaunar da mahaifinsa a kujerar katakon. Sada yana yi yana mita, amma yana yi. Har ya fara ɗaga jikinsa kaɗan daga kujerar kafin ya koma. Ikrima ya zo ya faɗa mini fuskarsa cike da murna.

Sai Adama, matar Lawal, ta haihu. Ranar suna aka ɗauko Malam Sada aka zaunar da shi a kujera a cikin zaure, don ya karɓi barka. Dangi sun zo daga Mai'adua da Kongolam, maƙwabta sun cika har waje. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka raba goro. Tsohon ya gaji, yana son komawa ciki. Ya duba gefensa, Ikrima ne mafi kusa. Ya miƙa masa hannu.

Ina zaune a gabansu, na ga komai. Ikrima bai yi tunani ba. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba yi kullum a zaurukan ƙauye. Ya matso, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce da muryar aiki, "Baba, ja ƙafafunka baya. Za ka iya."

Hannun Sada ya tsaya a sama, babu wanda ya kama. Zauren ya yi tsit, har ana jin dakan mata daga cikin gida. Tsohon ya dubi ɗansa, ya dubi mutane. Lawal ya ratso jama'a, ya ture ƙaninsa da kafaɗa, ya rungumi mahaifinsu ya shige da shi. Sai a lokacin Ikrima ya dubi hannuwansa kamar na wani ne.

Kafin Azahar labarin ya gama unguwa. Ba a ce yana koya wa ubansa tashi ba. Cewa aka yi uba ya miƙa hannu, ɗa ya ƙi kamawa. A wancan lokacin bakin kowa yana kan haƙƙin iyaye, har wani mai wa'azi a bakin layinmu ya kawo misalin 'yan bokon da karatu ya bushe musu zuciya. Bai ambaci suna ba, amma duk aka waiga. Baƙin suna suka koma da labarin, ya ci kasuwar Mai'adua ranar Lahadi, daga nan ya bi 'yan kasuwa zuwa ƙauyuka. 'Ya'yan tsofaffin da yake tarawa suka fara cewa baba ba ya jin daɗi yau, baba ya tafi gaisuwar mutuwa. Zaurukan suka riƙa raguwa.

Lawal ya ce masa kada ya ƙara shiga ɗakin mahaifinsu da wannan kujera. Ikrima ya je ya durƙusa ya nemi gafara. Sada, fuskarsa na kallon bango, ya ce, "Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Bai juyo ba. Zaman gidan ya gagara, sai Ikrima ya kwaso kayansa ya dawo shagon da ke ƙofar gidana.

Ni ma ni kaɗai ne a lokacin. Mai ɗakina ta rasu, 'ya'yana suna Kaduna da Abuja. Mukan ci tuwon Magariba tare, cokali ne kawai ke magana. Da safe in ji ya tayar da babur, ya ɗaure kujera, ya tafi. Wata rana ya dawo tun rana ba ta yi tsaka ba. Ya ce ya isa wani zaure a ƙasar Mai'adua bai tarar da kowa ba, sai ya sauke kujerar ya zauna a kai da kansa, yana kallon awaki, har mai gari ya aiko masa da fura don kunya.

Na ce, "Ikrima, ka yi kuskure. Aikinka daidai ne, amma zauren suna ba wurin aiki ba ne. Da ka kama hannun nan ranar, ka koma ka hana shi washegari a ɗaki."

"Na sani, Baba," ya ce. "Kullum sai na kama hannun nan a zuciyata." Sannan ya ce, "Abin da mutane ke faɗa zan iya ɗauka. Ƙafafun Baba nake tunani. Ga katanga ɗaya tsakaninmu, ina jin tarinsa, na san abin da zai tashe shi, kuma ba ni da ikon shiga."

Da kaka ta wuce, lokacin da jami'a ta ba shi ya ƙare. 'Yan tsofaffin da suka jure har ƙarshe ba su da yawa, amma ya ce abin da ya samu ya isa ya rubuta. Ya koma Kano. Kujerar ya bar ta a shagona, ya ce babu inda zai ajiye ta a can.

Ni na ci gaba da zuwa wajen abokina, musamman ranar Lahadi da hantsi, lokacin da Lawal yake kasuwar Mai'adua, gidan kuma babu hayaniya. Mukan yi hirar mutanen da suka mutu. Bai taɓa ambatar Ikrima ba. Sai wata Lahadi, ina cikin ba shi labarin wani soro da ya rushe a unguwar gabas, ya katse ni.

"Ɗan Mishan, kujerar yaron nan tana wajenka?"

"Tana nan."

"Ta robar nan santsi gare ta. Kawo mini waccan."

Na je na ɗauko. Ya sa na kama shi na ɗora shi a kai, na rufe ƙofa. Ya ce, "Tsaya nan kusa. In ka taɓa ni sai na fasa maka kai da butar nan."

"Da wane ƙarfin, Ƙadangare?"

"Za ka gani, tsohon banza."

Na mayar da hannuwana baya. Ya ja ƙafafunsa ƙarƙashin kujera, ya sunkuyo, ya yunƙura. Jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya koma. Ya sake, ya koma. Ban taɓa sanin nauyin abin da Ikrima yake yi ba sai ranar. Abokinka na ƙuruciya yana nishi a gabanka, hannunka yana ƙaiƙayi, kana riƙe da shi da ɗaya hannun kamar ɓarawon da ka kama. Ranar bai tashi ba. Ya zage ni, ya zagi tayil, ya ce in ɓoye kujerar a bayan buhunan gero in dawo wata Lahadin.

Na ce, "In buga wa yaron waya in faɗa masa?"

"Ka faɗa masa me? Ni ban yi komai ba." Ya share gumi. "Ya kunyata ni a gaban surukaina, Kabo. Wannan yana nan. Amma ni na gina rabin unguwar nan. Ba zan mutu a lungu kamar buhu ba."

Haka muka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Daga baya na gane yana yi shi kaɗai a sauran ranaku, in mata sun shiga girki. Ya fara tashi. Ya fara bin bango da yatsa ɗaya, yana duba tsagewar siminti yana tsaki. In ya ji motsin Lawal sai ya koma katifa, ya bari a ɗaga shi kamar kullum. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Shi ma Lawal ɗin iyakar abin da ya iya ke nan. In hana shi?"

Ikrima ya zo Babbar Sallah. Ya sauka a shagona, ya rame. Washegarin sallah aka fito da Malam Sada zaure ana ta shigowa gaisuwa. Ikrima ya bari sai da kowa ya gama, ya durƙusa can bakin ƙofa ya ce, "Barka da sallah, Baba."

"Barka kadai," in ji tsohon, yana kallon wani wuri.

Aka ci gaba da hira. Ladanin masallacin unguwa ya kira Azahar. Sai na ga Sada ya ja ƙafafunsa baya, sun shige ƙarƙashin kujera. Ya sunkuyo gaba har hancinsa ya wuce yatsunsa. Lawal ya zabura ya miƙa hannu.

"Bar ni," in ji Sada.

Ya tashi. A hankali, amma bai dafa komai ba. Zauren ya ɗauki salati. Wani ya ce ikon Allah, wani ya ce Lawal ya yi jinya, Allah ya saka masa. Ni Ikrima nake kallo. Idonsa yana kan ƙafafun mahaifinsa, ya gane jan ƙafar nan, ya gane sunkuyon. Leɓensa ne kawai ke motsi.

Sada ya karɓi sandarsa ya nufi ƙofa. Da ya zo dab da ɗansa bai dube shi ba. Ya ce, "Kai, ɗauko butar."

Ikrima ya ɗauko. Ya bi shi a baya zuwa masallaci, kusa sosai, buta a hannu ɗaya, ɗaya hannun a bayansa. Iyakar abin da ya shiga tsakaninsu ke nan. Washegari ya hau motar Kano.

Malam Sada ya ci gaba da taka ƙafarsa zuwa masallaci har shekarar da zazzaɓi ya ɗauke shi, a kan gadonsa. Bai ƙara faɗuwa ba. Bai kuma taɓa faɗa wa kowa yadda aka yi ya tashi ba, ni ma da na faɗa wa mutum biyu ko uku, sai suka ce ai Ɗan Mishan dole ya kare ɗan boko. A unguwarmu har gobe, in an ambaci Ikrima, akwai mai cewa, "Wanda ya ƙi kama hannun ubansa?"

Yana nan a jami'a, furfura ta fara fito masa. Na ji yana tara tsofaffi a wasu garuruwan da ba a san shi ba, kuma ɗalibansa suna zuwa har Baure da irin kujerarsa. Ba ya yawan zuwa Daura. In ya zo, ya gaida Lawal a zaure, su yi maganar ruwan sama da farashin gero, sannan ya zo shagona ya kwana.

Kujerar ta dawo wajena bayan rasuwar Sada. Ƙafarta ɗaya ta fara girgiɗi, na sa kafinta ya ƙara mata ƙusa. Kowace safiya, bayan na sha koko, nakan zauna a kanta a tsakar gida, in ja ƙafafuna baya, in sunkuyo. Babu kowa a gidan da zai miƙo mini hannu, babu kuma wanda zai tsaya kusa ya ɓoye nasa. Sai in tashi.